Idon Da Na Saya Da Hannuna — Shafi na 14

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," ga shi nan, ku sarara mini. Amma duk wadda ta zazzage wa surukata Umma kwandon zagi a shafin baya, ta tanadi bakin ba da haƙuri.

*

Wani sabon ƙulu na tarar a ƙeyar Ɗigo.

Ina cikin yi masa wankan safe yatsana ya hau kai. Ya callara ƙara, jikinsa ya ɗauki rawa. Na juya shi na duba. Ga shi nan suntum, kamar an ɓoye ƙwan tattabara a ƙarƙashin fata.

Na goshinsa bai gama sacewa ba. Shatin dantsensa bai gama bajewa ba.

Ɗigo shi ne ɗana na fari, ƙanƙantarsa ranar haihuwa ce ta ja masa sunan. Ko zama bai iya ba tukuna. Yaron da bai iya zama ba, ina zai samo ƙulu in ba a hannun mutum ba? Kuma mutum biyu ne kaɗai ke riƙe shi da rana: ni, da surukata Umma, wadda ke zuwa ta zauna da shi in na tafi shagon ɗinkina da safe, in na dawo da azahar ta koma gidanta.

Na ɗago na kalli Baban Ɗigo. Yana bakin banɗaki, tawul a hannu. Tun da na fara wankan yake tsaye a kaina kamar mai gadi, ga lokacin fitarsa aiki ya wuce.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Shi ke nan? Ka gani kawai?"

"Miƙo shi in goge shi, kada sanyi ya kama shi."

Na miƙa masa, na goge hannuna a zani, na nufi wayata.

Ai dama saboda irin wannan ranar na sayi kyamarar.

Ranar da muka je shagon kayan lantarki, iri biyu mai shagon ya jera mana a kan kanta. Ya ɗaga ta farko.

"Wannan da ɗan allonta take zuwa. Kina kicin kina kallon yaro. Ya motsa kin gani, ya yi kuka kin ji. Ba ruwanta da intanet. Amma kina fita daga gida ta makance, kuma ba ta riƙe komai. Abin da ya wuce ya wuce."

Baban Ɗigo ya ce, "Ita za mu ɗauka."

Na ce, "Ɗayar fa?"

Mai shago ya kwashe da dariya. "Wannan kam gulmammiya ce. A waya ake kallonta, ko kina wata uwa duniya. Tana ji, tana gani, a duhu ma ba ta ƙiftawa, har magana ana yi ta cikinta. Duk abin da ya faru tana ajiyewa. Matata ta ce ranar da na kai ta gida, tsakanina da ita ɗaya zai kwana a waje."

"Ita nake so."

A mota Baban Ɗigo ya ce, "Ɗanki kike son gani, ko uwata kike son kamawa?"

Na ce, "Wanda bai yi komai ba, me zai sa ya ji tsoron kyamara?"

Shi ya ɗaura ta da kansa a saman kabad, ya karkata wuyanta ta fuskanci gadon Ɗigo da kujerar da nake shayarwa. Ya bi igiyar wutar da ƙananan ƙusoshi a jikin bango don kada ta yi reto kusa da yaro. Ya haɗa ta da wayata da tasa.

Da Umma ta gan ta, riƙe haɓa ta yi.

"Wannan idon mujiyar fa?"

"Don Ɗigo ne, Umma."

"To. Angona ka ji, an sa mana ɗan sanda. Sai mu rage hira."

Ta san don ita ce. Ai ni da bakina na taɓa ce mata, "Umma, hannunki ya fara rawa. In riƙon ya fi ƙarfinki ki faɗa." Ba ta ce komai ba sai "To, 'yata." Washegari ta sake zuwa da murmushinta.

Tun daga nan wayata a jingine take a jikin keken ɗinki. Ƙafata na taka keke, idona na kan Umma. Har hannun riga na taɓa ɗinke wa wata mata a wuya. Ban ga komai ba sai tsohuwa tana rausaya da jika, tana yi masa tsiyar ango ne marar cefane. In za ta ɗaga shi, sai ta zauna tukuna ta tallafo shi da hannu biyu.

Na ce a raina, ta san ana kallonta ne. Rana dubu ta ɓarawo.

Yau ce ta mai kaya.

Na buɗe wayar na ja bidiyon jiya baya. Safiya tana nan cif. Umma ta zo. Umma ta ba shi madara. Umma ta kwantar da shi, ita ma ta yi gyangyaɗi a kujera. Ga ni na shigo da azahar. Ga Umma ta yafa mayafi ta fita.

Daga nan sai hoton ya yi tsalle. Rana tsaka ce, sai ga inuwar yamma a bango.

An yanke tsakiya.

Na shiga ɗakin Ɗigo, babansa na ɗaura masa kunzugu.

"Wa ya goge?"

"Me?"

"Bidiyon jiya da rana. Wa ya goge shi?"

"Wataƙila intanet ne ya ɗauke."

"Ɗaukewar intanet ba ta hana ta ajiyewa, a gabanka mai shago ya faɗa. Waya biyu ke shiga cikinta. Ni ban goge ba."

Ya ci gaba da ɓalla maɓallin rigar yaro, bai ɗago ba.

Jiya barci ya sace ni bayan na dawo daga shago, wannan na tuna. Na farka da ciwon kai, na tarar da shi a gida yana gumi, wai makulli ya manta. Nan take komai ya haɗu a kaina.

"Ta dawo, ko? Ina barci ta dawo ta ɗauke shi ya suɓuce mata. Shi ya sa ka taso daga aiki. Shi ya sa ka ce mata yau ta huta."

"Maman Ɗigo, ki bar maganar nan zuwa an jima."

"Zuwa yaushe? Sai ta fasa masa kai?"

"Ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba! Uwarka ce, na sani. Ni ma uwa ce! Ka zaɓi ka rufa mata asiri da ran ɗana?"

"Na ce ki bari."

"To in kai ba za ka tambaye ta ba, ni zan tambaye ta."

Na fara lalubo lambarta. Kafin in danna ya fizge wayar. Tun da muka yi aure bai taɓa fizge komai a hannuna ba.

Ya kwantar da Ɗigo a gadonsa. Ya juyo. Sai a lokacin na lura idanunsa sun kaɗa jawur, kamar wanda bai runtsa ba.

"Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"Don girman Allah ki zauna. A ƙasa."

Muryar ce ta kashe mini jiki. Ba faɗa a cikinta. Roƙo ne.

Na zauna a kan kafet. Ya durƙusa a gabana ya ciro wayarsa.

"Ni na goge. Na goge ne don kada ki ci karo da shi ke kaɗai. Amma na ajiye a nan saboda likita."

"Wane likita?"

Ya danna, ya ɗora mini a tafin hannu.

Ɗakin nan ne. Kujerar nan ce. Babu Umma.

Ni ce.

Ga ni da zanina mai ruwan ganye, na ɗauko Ɗigo daga gado na saɓa shi a kafaɗa, ina jijjiga shi, ina rera masa 'yar waƙar da na saba.

A tsakiyar kalma na yi shiru.

Matar da ke cikin wayar ta tsaya ƙyam. Idonta a buɗe, amma babu kowa a ciki. Bakinta ya fara motsi kamar mai tauna. Hannunta na dama ya bar bayan yaron, ya koma yana tsintar gefen zani, yana tsinta, yana tsinta, kamar mai cire zare.

Ɗigo ya fara zamewa.

Daga kafaɗa zuwa ƙirji. Daga ƙirji zuwa ciki.

Na ce, "Riƙe shi." Da ƙarfi na faɗa, ni da ke zaune a ƙasa. "Ke! Riƙe shi mana!"

Ba ta riƙe shi ba.

Ya sulale ta gwiwarta, ƙeyarsa ta daki ƙafar gadon. Na ji ƙarar. Ƙwas.

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tsala ihu.

Tana tsaye a kansa tana tsintar zani.

Sai ga wata murya ta fashe a cikin bidiyon, ta cika ɗakin. Muryar babansa ce ta cikin kyamarar.

"Maman Ɗigo! Maman Ɗigo! Ɗauke shi! Kina ji na? Yaron! Wayyo Allah, yaron!"

Ko gezau.

Can sai ta sunkuya a hankali kamar mai tafiya cikin barci, ta ɗauke shi, ta sa shi a gado, ta faɗa kujera ta rufe ido. Yana ta kuka. Tana ta barci.

Bidiyon ya ƙare.

Na ce, "Ba ni ba ce."

Ya karɓi wayar daga hannuna.

"Haɗawa aka yi. Yanzu ana haɗa irin wannan. Ba ni ba ce, ni barci na yi, na tuna, barci ne..."

"Ina cin abinci a wurin aiki na ce bari in leƙa ku. A idona aka yi. Ban san yadda na tuƙo motar ba."

"Jiya da yamma da ka ce za ka zaga da shi shan iska..."

"Asibiti na kai shi. Sun duba, sun ce a waje ne kawai, bai taɓa ciki ba. Wannan karon."

Wannan karon.

Na kalli gadon. Ɗigo na wasa da ƙafarsa, yana ƙoƙarin kai ta baki.

"Na goshin fa?"

Ya kalli bango.

"Na dantsen fa?"

Ya sunkuyar da kai.

Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa.

Ya ce, "Umma ta taɓa gaya mini. Ta ce tana yi miki magana sai ki ɗauke wuta kina kallon bango. Na ce mata gajiya ce da rashin barci."

Ni ma ta gaya mini. Ta ce, "'Yata, ki je a duba ki, kina ɗan tafiya ki dawo." Na ɗauka baƙar magana ce. Na ce mata lafiyata ƙalau, kowa ya ji da ta jikinsa.

Na cusa gefen zani a baki don kada kukana ya firgita yaron. Baban Ɗigo ya riƙe kafaɗuna.

"Ciwo ne. Ba ke kika ɗora wa kanki ba. Da kin sani ai ba za ki bari ya kai haka ba, na san ki. Za mu nemi magani."

Na gyaɗa kai.

"Na kira Mamanki, tana hanya. Da ta iso zan je asibiti in samo mana ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa. Amma kafin nan..." Ya kalli gadon. "Kada ki ɗauke shi a tsaye. Kada ki yi masa wanka ke kaɗai. In zai sha nono ki zauna a ƙasa, wani na kusa."

"Ɗana?"

"Na ɗan lokaci ne."

"Ɗan da na haifa, sai da mai gadi?"

Ya miƙe ya fita falo jiran Mama.

*

Mama, mahaifiyata, ta iso tana haki saboda matakalar benenmu. Suka gaisa da surukinta a falo, ya ce mata ba ni da lafiya, ni zan yi mata bayani. Ya tura mini bidiyon a wayata ya fita.

Ta same ni a inda ya bar ni. Ɗigo ya yi barci.

"Auta, lafiya? Me ya same ki kika zube a ƙasa kamar kayan wanki?"

Na miƙa mata wayar.

Na zuba mata ido ina jiran ta yi salati, ta dafe ƙirji, ta ce mene ne wannan.

Ba ta yi ko ɗaya ba.

Tana kaiwa inda hannuna ya fara tsintar zani, ta kife wayar a cinya. Ba ta ma jira faɗuwar ba.

A hankali ta ce, "Ya dawo."

"Me ya dawo?"

Ta kau da kai.

"Mama. Me ya dawo?"

"Rage murya, za ki tashi yaro."

"Kin san wannan abin?"

Ta zame daga kujera ta zauna kusa da ni.

"Kina firamare ya fara miki. Malamarku ce ta kira ni, ta ce kina tsayawa a tsakiyar karatu kamar an zare miki rai, an jima ki ci gaba. Muka kai ki asibiti."

"Suka ce me?"

"Auta..."

"Suka ce me, Mama?"

Ta faɗe shi ƙasa-ƙasa, kamar kalmar za ta ƙona mata harshe.

"Farfaɗiya. Irin wadda ba ta kayarwa."

Ɗakin ya juya mini.

"Ƙananan ƙwayoyin nan farare da kike ba ni safe da yamma..."

"Su ne."

"Kika ce na ƙarin jini ne."

"Me zan ce wa yarinya? Ki je makaranta ki faɗa, a daina zama kusa da ke?"

"Na girma fa, Mama! Na yi hankali! Na yi aure!"

"Ai ya tafi! Shekara da shekaru ko sau ɗaya bai taso ba, likita da kansa ya janye maganin. Na ce Allah ya yaye. Me zai sa in tono abin da Allah ya binne?"

"Likitan bai ce zai iya dawowa ba?"

Ta sunkuyar da kai.

"Mama."

"Ya ce in kin girma a gaya miki. Ya ce rashin barci kan tashe shi. Da haihuwa."

Na juyo na kafe ta da ido.

"Da haihuwa. Kina tsaye a kaina na haihu. Kin ga ba na barci. Na kira ki a waya ina kuka na ce Umma na jefar mini da ɗa, kika ce in yi haƙuri, tsufa ne. Kin sani, kika bar ni na ci mutuncin baiwar Allah!"

"Ban tabbatar ba! Ina ta addu'a kada ya zama shi ne."

"Addu'a kike yi, kan ɗana na dukan ƙafar gado!"

Ta fashe da kuka.

"Ke ba ki san mutane ba. Cewa suke ana ɗauka a miyau, ana ɗauka a kwano. Ƙarya ne, likita ya ce mini ƙarya ne, amma wa zai bi gida-gida ya gaya musu? Da an ji, ba ke kaɗai ba, har yayyenki babu mai auren su. Ni da mahaifinki muka yanke shawara. Shi ya tafi da tasa kabari, ya bar ni da tawa."

"Su Umma ba su tambaya ba?"

Ta share hanci da gefen mayafi.

"Ta tambaya. Kafin aure ta zo har ɗakina, ta ce tsakaninmu mata, akwai wata larura da ya kamata su sani don su kula da ke? Na dubi idonta na ce lafiyarki ƙalau."

Na jingina kaina da bango. Hawayen ma sun ƙafe.

Mama ta matso ta kama hannuna.

"Yana ba da alama kafin ya zo. Kina ƙarama sai ki ce, Mama wa ke ƙona roba? Da na ji haka sai in zaunar da ke. Har yanzu kina jin warin?"

Ina ji. Sau nawa na bi soket-soket na gidan nan ina shinshinawa. Har cajar kyamarar na sa aka canza, na ce ita ke ƙonewa.

"To kin gani, da sauƙi. Kina ji ki zauna. A koma kan magani, shi ke nan." Ta ƙara matse hannuna. "Amma ki saurare ni da kyau, Auta. Mijinki ya ɗauka sabon abu ne. Ki bar shi a haka. Ko a gaban likita ki ce yau kika fara. In ya ji an sani aka ɓoye, aurenki ya mutu, ni kuma ba ni da fuskar da zan kalli uwarsa. Ki rufa mana asiri. Daga ni sai ke sai Allah."

"Mama, ina jin ku."

Daga saman kabad muryar ta fito.

Mama ta zabura har jakarta ta kife. Ta waiga ƙofa, ta waiga taga.

Ni na san inda zan kalla. 'Yar fitilar kyamarar na nan a kunne, shuɗiya, tana kallonmu.

"Na bar ta a buɗe ne don in gani in abin ya taso miki," in ji Baban Ɗigo. Ana jin ƙarar motoci a bayansa. "Tun daga 'ya dawo' nake ji."

Mama ta ɗora hannu biyu a ka.

"Ɗana, ka tsaya ka ji..."

"Na ji, Mama. Babu abin da ban ji ba."

Na rarrafa zuwa gindin kabad ɗin, na ɗaga kai kamar mai roƙon sama.

"Baban Ɗigo, wallahi ban sani ba. Ka ji da kunnenka, yanzu nake ji."

"Na ji ta ce ki yi mini ƙarya. Ban ji kin ce a'a ba."

"Ba ka bar ni na amsa ba!"

"Ni yanzu ban san wanda ya sani da wanda bai sani ba. Abin da na sani, uwata ta tambaya aka dube ta aka yi mata ƙarya. Ta zo tana yi mana bauta, aka ce hannunta na rawa, aka sa mata ido kamar ɓarauniya. Ni kuma na tsaya ina kallo." Muryarsa ta karye. "Da a banɗaki abin ya same ki fa? Da yana cikin ruwa?"

Na kifa goshina a jikin kabad ɗin.

"Zan biya in ɗauko Umma. Ɗigo zai koma hannunta har a san abin yi."

"Nono yake sha!"

"Akwai madara."

"Ka yi mini rai. Zan zauna a ƙasa. Ba zan ƙara tashi tsaye da shi ba har abada. Ka ɗaure ni a kujera in kana so, amma kada ka raba ni da shi."

"Kada ki taɓa shi kafin mu iso. Mama, ke ma."

Mama ta miƙe ta fizge igiyar daga soket. Ƙusoshin bangon suka zubo. Fitilar ta mutu.

Ta tsaya da igiyar a hannu tana huci.

"Kin ga abin da kika jawo mana? Wa ya aike ki sayen wannan shaiɗaniyar?"

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

"Bari in kira Kawunki. Shi kaɗai mijinki yake jin nauyinsa. Ki zauna a nan, kada ki motsa."

Ta kwashi wayarta ta fita falo. Ina jin ta tana kuka tana cewa, "Yaya, ka zo, asiri ya tonu."

Hayaniyar ta tashi Ɗigo.

Ya fara da ƙunƙuni, ya juya kai yana nema. Da ya hango ni ta tsakanin sandunan gadon, sai ya miƙo hannu biyu ya saki kuka. Kukan yunwa ne, na san shi. Rigata ta jiƙe nan take.

Na sa hannuwana a bayana na riƙe ɗaya da ɗaya.

"Yi shiru, ɗan albarka. Yi shiru. An ce kada in taɓa ka."

Ya ƙara ƙarfi. Fuskarsa ta yi ja. Yana kallona yana mamakin me ya hana.

In suka tafi da shi, yaushe za su dawo da shi? Wa zai ba mai farfaɗiya jariri? Za a ce sai ta warke. Mama ta ce ya tafi, ga shi ya dawo. Wato babu ranar da za a ce na warke. Zai yi zama a can. Zai yi rarrafe a can. Haƙorinsa na fari, wani ne zai ba ni labari.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ɗauke shi. Yana jin ƙirjina ya yi ɗif, ya cusa fuska a wuyana yana ajiyar zuciya.

Ban ɗauki jaka ba. Ban ɗauki waya ba. Mayafi kawai na ja na rufe mu. Ban san inda za ni ba, na dai san ba zan tsaya a ɓamɓare shi daga jikina ba.

Mama ta ba ni baya tana magana. Na ratsa ta kicin, na zare sakatar ƙofar baya a hankali.

Matakalar bayan benenmu ta siminti ce, doguwa, a tsaye, gefe ɗaya babu abin dafawa. Rana ta haske ta fes. A can ƙasa wata maƙwabciya ta shanya kaya ta shige.

Na ƙanƙame Ɗigo na fara sauka.

Na yi nisa da ƙofar. Ƙasa kuma da saura.

Sai na ji shi.

Wa ke ƙona roba?

Na ce wa ƙafafuna, ku zauna. Na ce wa hannuna, riƙe shi.

Na buɗe baki in kira Mama.

Ban san ko na kira ba.